Kawu da Buhun da Ya Tafi Maiyama

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar Laraba Allah ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, a ɗakinsa da ke Aliero. Mu huɗu ne a wurin: ni, da matarsa da muke kira Inna, da babban ɗansa wanda yake taubashina, da limamin unguwarmu. Na duba agogo ne don na san za a tambaye ni, kuma ba na son in ce “da hantsi” alhali akwai agogo a hannuna.

Kafin haka da kamar minti biyar, ya ɗaga yatsa ya nuna ƙarƙashin gado. Liman ya matso kusa, yana zaton wasiyya ce. Inna ta fi mu sanin mijinta. Ta sunkuya ta ciro ɓawon lemon da aka matsa masa da safe, ta nuna masa, ta jefa a kwano.

“Ga shi, na ɗauke,” in ji ta. “Sai ka kwantar da hankalinka.”

Ya yi murmushi, ya yi kalmar shahada, bai ƙara cewa komai ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi masa sutura, an kai shi makwancinsa bayan azahar.

Muna dawowa daga maƙabarta taubashina ya ja hannuna zuwa bayan rudu, wato rumfar karan da muke ajiye albasa a ciki.

“Taubashi,” in ji shi, “na san halinka, ba ka barin abu shi wuce ba ka sa shi takarda ba. In za ka rubuta, ka ce manomi ne, ka ce ɗan kasuwa ne, ka ce ya tahi Makka. Amma sunan ga na Sarkin Shara, a bizne shi tare da shi. Zancen buhun Maiyama kau, kar in ji shi bakin kowa. Tsintsiyar da ke rataye ɗakinshi, in an yi sadakar ukku sai a sa mata wuta.”

Na ce masa na ji. Ban ce na yarda ba. Shekara goma sha huɗu ke nan yana riƙe da mahaifinsa a zuciya saboda wannan buhun, ni kuwa na san laifin ba na mahaifinsa ba ne. Kwana uku suka rage mini, ko in faɗa masa gaskiya, ko in bar shi ya ƙone tsintsiyar da fushinsa a ciki. Zan kai ga wannan a inda ya dace, don ba na fara labari daga tsakiya.

Taubashina bai samu yadda yake so daga masu ta'aziyya ba. Da la'asar mutanen Jega suka iso, mahauta da 'yan tasha, cikinsu har da direban da ya shekara da shekaru yana kai mu Gusau. Ya yi gaisuwa yadda ake yi, ya yi addu'a, ya shafa. Da ya tashi neman wurin zama sai ya ga mutane sun mimmiƙe ƙafafu a kan tabarma, ya ce da muryar Kawu sak:

“Ɗaga ƙahwa, malam!”

Rabin mutanen suka ɗaga ƙafa ba su sani ba. Aka fashe da dariya. Liman ya sa gefen rawani ya rufe baki, amma kafaɗunsa suna rawa. Wani dattijo daga Kimba ya ce shi har yau in ya ci gyaɗa a gonarsa, sai ya tarar ya zuba ɓawon a aljihu, jikokinsa suna ce masa ya fara ruɗewa. Daga cikin gida ma muna jin mata suna kuka, can kuma sai dariya ta tashi. Daga baya na ji wata tsohuwa ce daga Sabiyal take ba su labarin ranar da Kawu ya hana ta zubar da ruwan wanke kwano ta tagar jirgi, ta zage shi tas, da suka isa kuma ta ba shi daddawa ya kai wa Inna. Taubashina yana zaune kusa da ni yana amsa gaisuwa, fuskarsa a ɗaure.

Wanda bai san mu ba zai yi mamakin yadda mutumin Aliero, garin da layin dogo bai taɓa ratsawa ba, ya yi suna a cikin jirgin ƙasa. Ga yadda abin yake. Mu masu albasa ne. In an cire, ta bushe, sai mu ɗinke a buhuna, babbar mota ta ɗauka zuwa Kudu. Yawancin abokanmu a kan kayan suke zama har Badun. Kawu yana da ciwon baya, ba ya iya wannan. Sai mu shiga mota zuwa Gusau, mu hau jirgi zuwa Zariya, mu canja wanda zai kai mu Badun, mu tarar da kayanmu. Na fara bin sa ne wajen lokacin da aka yanka mana Jihar Sakkwato, ina da mata da 'ya'ya biyu, shi kuwa ya riga ya daɗe a hanyar.

Ya ba ni labarin farkon abin sau da yawa, kuma bai taɓa canja shi ba. Azahar ta same shi tsakanin Gusau da Funtuwa, ya tashi zai yi salla, ya duba taragon daga wannan ƙofa zuwa waccan bai ga inda zai aza goshi ba. Tuƙar rake, ɓawon gyaɗa, ɓawon ƙwai, ƙashin kifi, ganyen alale, takardar tsire, tofin goro, ga ruwan buta ya haɗe su. Ya yi sallarsa a zaune, ransa a ɓace. Da suka sauka Zariya ya sayi tsintsiya.

“Ban zargi kowa ba,” yakan ce. “Mutum ya kwana biyu cikin ɗaki, dole shi ci. In ya ci, dole wani abu shi saura. Ba a ba shi wurin zubawa ba, ina kaka so shi kai?”

Tsarinsa daga rudu ya ɗauko shi. Mai albasa ya san busasshiya ba ta kwana da jiƙaƙƙiya, kuma ba a jira sai wari ya tashi kafin a tsince. Saboda haka kayan aikinsa huɗu ne. Na ɗaya, tsohon buhun albasa, wanda yake ɗaurewa a ƙarfen bakin ƙofa, don busasshiyar shara. Na biyu, garwar kananzir da aka yanke bakinta, da toka a gindinta, don abin da ke da ruwa. Na uku, ƙullin toka, wadda Inna take tankaɗe masa daga murhu kafin kowace tafiya. Na huɗu, tsintsiya. Ni ne mai ɗaukar garwa, kuma ban taɓa son wannan aikin ba.

Da jirgi ya tashi, sai ya bar mutane su zauna su huce. Ba ya wa'azi. In ya ga an fara buɗe ƙunshin abinci, sai ya miƙe ya bi tarago yana sallama, yana nuna inda buhu yake. Bayan an ci, ya ɗauko tsintsiya, daga ƙofa zuwa ƙofa: “Ɗaga ƙahwa, malam. Ɗaga ƙahwa, hajiya. Allah shi yi albarka.” Sau uku yake yi da rana, kafin azahar, kafin la'asar, kafin magariba. In ya gama sai ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofa, mutane su bi layi suna salla ɗaya bayan ɗaya, goshinsu a ƙasa.

Abu biyu ne ba ya sassauci a kansu. Na farko, jefa shara ta taga. Ya ce iska ba ta kai ta daji, tana mayar da ita ne tagar bayanka, ta sauka a fuskar wanda bai ci ayabarka ba, abin da ya tsira kuma ya faɗa gonar wani. Na biyu, shiga makewayi jirgi yana tsaye a tasha, domin abin da aka yi a ciki a kan layi yake sauka, daidai inda mata masu talla suke tsayawa da abinci a ka. Da jirgi ya fara rage gudu sai ka gan shi tsaye a ƙofar makewayi da carbinsa.

“Yi haƙuri, ɗana, jira shi tashi.”

“Baba, a matse nake!”

“Na gani ga tahiyarka. Ka ga waccan mai hura? Bisa kanta kaka so? Ƙirga tarago goma, za shi tashi.”

Rigima ɗaya na gani da na ɗauka za ta kai mu ga duka. Wani soja ne ya hau a Funtuwa da sandar rake biyu. Ya zauna ya miƙe takalma, yana sha yana tofar da tuƙa a tsakiyar hanya, inda Kawu ya share bai fi minti goma ba. Kowa ya kau da kai. Na riƙe rigar Kawu, ya fizge. Ya kwance buhu daga ƙofa, ya je gaban sojan ya tsuguna, ya buɗe bakin buhun daidai ƙarƙashin haɓarsa.

“Baba, mene ne?” in ji sojan.

“Ba komi, ranka shi daɗe. Sha rakenka. Ni tuƙar ɗai nika so.”

Sojan ya tofa a gefe. Kawu ya matsar da buhu gefe. Ya tofa ɗaya gefen, buhu ya bi shi. Aka yi haka kamar sau biyar, tarago tsit, har wata mata mai goyo ta kasa riƙewa ta tuntsire. Sojan ya dubi matar, ya dubi tsoho a tsugune, shi ma dariya ta ƙwace masa. Ya tofa a buhu. Kafin mu kai Zariya ya karya raken ya ba Kawu gaɓa uku, kuma shi ya hana wani mai ƙwai zubar da ɓawo a ƙasa, da tsawar da ta fi ƙarfin laifin.

Wata rana kuma, bayan Minna, jaririn wata yarinya matashiya ya yi gudawa ta zubo har ƙasa. Mutane suka janye jiki suna toshe hanci, ita kuwa ta rasa inda za ta sa kanta, tana ƙoƙarin gogewa da ɗankwalinta. Kawu ya zo da ƙullinsa.

“Mayar da kallabinki, ɗiyata. Tokar ga don haka anka tankaɗe ta. Duk wanda kika gani nan yana yamutsa huska, ya yi ma uwarshi abin da ya hi wanga.”

Ya barbaɗa, ya jira, ya kwashe, ya wanke hannu, ya koma mazauninsa ya ci gaba da cin ƙuli-ƙulinsa.

Akwai wani tsoho cikin ma'aikatan jirgin, mai shara, mutumin wajen Kafanchan. Da farko ya ɗauka Kawu aikinsa yake so ya ƙwace. Da ya ga taragonmu ne kaɗai yake shiga ya fita ba gumi, sai suka zama abokai. Ya roƙi buhuna, Kawu ya riƙa kawo masa tsofaffi guda biyar, shida, shi kuma yana ɗaurawa a sauran taragai. Mai duba tikiti ma in ya ga mace mai ciki ko tsoho, sai ya ce su nemi taragon Alhajin Aliero. Na sha ganin mutane a Gusau suna leƙa tagogi, ba wurin zama suke nema ba, buhu suke nema a bakin ƙofa.

Yanzu na iso ga buhun Maiyama.

Hannun mai albasa ba ya ganin cikakken buhu ya bar shi a buɗe. In mun kusa sauka, Kawu yakan ciro basilla da igiyar rama ya ɗinke buhun sharar tsaf, don kada ta zube a dandalin tasha. Ɗinkin kuwa iri ɗaya ne da na albasa, kuma duk buhunansa suna da alamarsa ta shuni, zane uku da ɗigo. Ƙa'idarsa ita ce a kai buhun juji bayan tasha, a farke, a zazzage, a dawo masa da shi.

A shekarar da taubashina yake neman aure, muka dawo daga Badun da tsaraba ta musamman. Yarinyar 'yar wani malamin makarantar allo ce a Maiyama, mutum mai girma da kwarjini, kuma saura kwanaki a sa rana. Kawu ya zaɓi goro mai kyau a cikin ganyensa, da kwakwa, da citta, ya zuba a buhun albasa ya ɗinke. Lokacin mangwaro ne, saboda haka buhun sharar ma ya yi nauyi da ƙwallaye da ƙoƙon kwakwa, don Kawu yakan birgima ƙwallon mangwaro a toka ya jefa a buhu. In ka taɓa ta waje, duka biyun dunƙule-dunƙule ne. Warin albasa kuma ya rufe komai.

Mun sauka Gusau da azahar, hadari ya haɗo, direba yana ta danna oda. Kawu ya tafi alwala, ya ce in kai shara juji, in sa tsaraba a mota. Ni kuwa ƙamshin tsire ya ɗauke mini hankali, ina so in saya kafin mu tashi. Na sungumi buhun da ya fi kusa da ni, na ruga juji, na wurga shi yadda yake. Ban farke ba. Da Kawu ya tambaye ni ina buhunsa, na ce ya yage ne na bar shi can.

Washegari taubashina ya sa sabuwar riga, ya ɗaure ɗaya buhun a bayan keke, ya tafi Maiyama. Ya tarar da Malam a zaure da ƙannensa da dattawan unguwa. Aka yi gaisuwa, Malam ya ce a farke a raba wa jama'a goro su sa albarka. Aka farke, aka zazzage a kan tabarma.

Kafin ya tuƙo kekensa ya iso Jega, labarin ya riga shi shiga kasuwa. Tun daga ranar Kawu ya zama Sarkin Shara, taubashina kuma mahauta suka sa masa Yarima. An yi auren, yanzu 'ya'yansu biyar. Amma sunan bai sake shi ba, shi ma bai saki abin ba. Yana gaida mahaifinsa safe da yamma, yana yi masa noma, bai taɓa ɗaga masa murya ba. Sai dai bai ƙara zama hira da shi ba, bai kuma taɓa taka jirgi ba.

A daren da abin ya faru ban je gidan ba. Da safe Kawu ya same ni a gona ina ban ruwa. Ya tsaya a bakin kwamin albasar da nake shayarwa ya dube ni.

“Tsiren ya yi daɗi?”

Na sunkuyar da kai. Na ce zan je in faɗa wa taubashi.

“Ba ka zuwa. Ka yi shiru, ni na ce.”

Na yi shiru. Da farko don ya umarce ni ne. Daga baya, gaskiya, don shirun ya yi mini daɗi. Abu ɗaya ya canja daga ranar: bai ƙara ɗinke buhun shara ba. Ɗaure bakinsa yake yi da jan ƙyalle, wanda ko makaho ya shafa zai san ba kaya ba ne.

Ranar Juma'a aka yi sadakar uku, ƙarfe tara na safe. An raba gumba da dabino da goro, mutane sun cika ƙofar gida har bakin hanya. Ana cikin haka mota ta sauke Malam daga Maiyama. Ya tsufa ƙwarai, da sanda yake tafiya. Taubashina ya tashi da sauri ya tarbe shi, ya zaunar da shi kusa da liman. Bayan an shafa addu'a, Malam ya ce yana da magana. Na ga taubashina ya runtse ido.

“Ku duka kun san anka kawo mani buhu,” in ji Malam. Dariya ta fara tashi, ya ɗaga hannu. “Kun san abin da ag ciki. Abin da ba ku sani ba shi ne wanshekare. Da azahar sai ga Alhaji bisa keke, da tsintsiya ɗaure ga baya. Ya ce, Allah shi gafarta Malam, na zo in ba da haƙuri, kuma na zo in ɗauki sharata, don ba nan ne wurin zubar da ita ba. Ya share mani zaure har ƙarƙashin alluna, inda ɗalibaina ba su taɓa kai tsintsiya ba. Na ce mashi, Alhaji, wa ya yi maka wanga aiki? Ya ce, hannuna ya ɗinka. Na ce, ba ɗinki nit tambaya ba, wa ya ɗauko? Ya ce, Malam, hannuna ya ɗinka. Sau ukku ina tambaya, sau ukku yana ba ni wagga amsa. Nan na gane akwai wanda shika ruhwa ma asiri. Na ce ma raina, mutumin da za shi yarda a yi mashi dariya kasuwar Jega don kar a kunyata wani, gidanshi ɗiyata za ta. Ran nan na sa rana. Ko wane ne shika karewa, har yau ban sani ba.”

 Taubashina yana duban Malam kamar bai taɓa ganinsa ba. Na miƙe.

“Allah shi gafarta Malam, ni ne,” na ce. “Laihina ukku. Na ɗaya, ban duba buhun da na ɗauka ba. Na biyu, ban farke shi juji ba, da na ga goro. Na ukku, na yi ma Kawu ƙarya na ce ya yage.” Sai na tuna, na ƙara: “Huɗu ne. Na yi shiru shekara goma sha huɗu.”

“To mi ya ɗauke maka hankali?” in ji liman.

“Tsire.”

Direban Gusau ne ya fara dariya, har ya faɗi a kan na kusa da shi. Wani mahauci ya ce ai dama ya sha faɗa, nama ba abin rainawa ba ne. Taubashina bai yi dariya ba. Ya tashi ya shige gida, na bi shi.

Na tarar da shi a ɗakin Kawu, tsaye gaban tsintsiyar, hawaye yana bin gemunsa. Inna tana zaune a kan tabarmar takaba.

“Inna, kin sani?” ya ce.

“Tun ranar.”

“Don mi bai hwaɗa mani ba? Shekara nawa ina wuce shi zaune ƙohwar gida, yana ce mani zo mu yi hira, ina ce mashi ina da aiki. Yanzu wa zan ba haƙuri?”

“Na tambaye shi,” in ji Inna. “Ya ce, ni ubanshi ne, ko ya yi hushi da ni dole shi gaishe ni da sahe. In ya yi hushi da taubashinshi kau, sai su raba rudu, su raba hanya, ɗiyansu su tashi ba su san juna ba. Ni ina tahiya, su za su zauna. Kuma kar ka dami kanka da haƙuri. Kullum ka wuce sai shi ce mani, dube shi, tahiyarshi irin tawa, hushinshi irin naki.”

Ya share fuska da hannun riga. Ya juyo ya dube ni tun daga hula har takalmi.

“Kai,” ya ce. “Shekara goma sha huɗu ana ce mani Yarima, kai kana zaune gidana kana shan hurata.”

“Haka ne.”

“Goron surukina na can jujin Gusau.”

“Yana can.”

“Tsiren ma ko tsinke guda ba ka kawo mani ba, maƙetaci.”

Inna ce ta fara dariya a cikin mayafinta, shi ma ta kama shi, yana yi yana share ido. Ya miƙa hannu ya sauko da tsintsiyar. Na ɗauka murhu zai nufa. Ƙofar gida ya nufa.

Jama'a ba su watse ba. Tabarmi sun cika da ƙwallon dabino da ganyen goro. Ya tsaya a gaban direba, ya gyara murya.

“Ɗaga ƙahwa, malam.”

Direba ya ɗaga duka biyu sama, ya dunƙule hannu ya yi jinjina. “Allah shi ja zamanin Sarki! Yarima ya gaji gida!”

Ya share wurin daga zaure har bakin hanya, yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, har liman, har surukinsa, wanda ya ce a ɗaga masa ƙafar don ita ba ta ɗaguwa da kanta. Da ya gama ya miƙo mini buhu ya ce in kai juji, in farke, in zazzage, in dawo da shi, kuma zai sa a bi ni a gani. Da yamma ya ce mini in rubuta komai, da sunan, da buhun, kada in manta da tsiren. Ya kuma ce in an cire albasar bana, da shi za a hau jirgi, ni ne dai mai ɗaukar garwa.

Na rubuta yadda ya ce, ban rage ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya tarar da wuri mai tsabta.

Kai da ka karanta wannan, roƙona gare ka uku ne. Ka yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In za ka hau jirgi, ko daga Gusau ko daga ina, ka tafi da tsohon buhu ka ɗaure a bakin ƙofar tarago, ka nuna wa na kusa da kai, kada ka jefa komai ta taga. In buhun ya cika kuma, don Allah kada ka ɗinke shi. Ka ɗaure bakinsa da jan ƙyalle, ka kai shi juji da hannunka, ka buɗe ka duba kafin ka juya.